Ƙadangaru da Danginsu a Ƙasashe Masu Zafi



Abin da aka nemi in yi jawabi a kansa yau shi ne ƙadangaru, watau inda suke zaune, da abin da suke ci, da kuma irin aikin da suke yi a cikin halitta. Na san a cikin wannan zaure ba za a rasa mai cewa a ransa, me ya sa za a tara manyan mutane saboda abin da yara ke jifa da dutse a bayan gida ba. To, amsar ita ce, masana sun ƙidaya irin ƙadangaru fiye da 7,000 a duniya, galibinsu kuwa a ƙasashe masu zafi irin namu suke. Duk mai son ya fahimci yadda gona da daji suke tafiya, ba shi da ikon ya tsallake su.

Idan masanin dabbobi ya ce ƙadangare, ba wai wannan na jikin katanga kaɗai yake nufi ba. Yana nufin zuriya ce babba wadda ta haɗa ƙadangaren gida, da tsaka, da kulɓa, da hawainiya, da damo, da guza. Bahaushe ya ba kowannensu sunansa tun tuni, wannan kuwa shaida ce cewa kakanninmu sun lura da su ƙwarai. Kada ba ya cikin wannan zuriya ko da yake sun yi kama, hasali ma dai kada ya fi kusa da tsuntsu a wajen asali. Maciji ne ɗan'uwansu na jini.

Kafin mu shiga bayanin kowane ɗaya, akwai abu guda da ya kamata a riƙe, domin shi ne mabuɗin sauran. Jikin mutum, da na akuya, da na kaza, yana ƙona abinci dare da rana don ya tsare ɗuminsa. Ƙadangare ba ya yin haka. Ɗuminsa daga rana yake samunsa. Shi ya sa da hantsi za ka gan shi ya baje a kan dutse ko bango, in rana ta take ya koma inuwa, in ta yi sanyi ya sake fitowa. Ribar wannan tsari ita ce, abincin da ƙadangare yake bukata bai fi kashi ɗaya cikin goma na abin da ɓera mai nauyinsa yake bukata ba. Saboda haka wurin da ba zai iya ciyar da ɓeraye goma ba, yana iya riƙe ƙadangaru masu ɗimbin yawa. Hasararsa kuwa ita ce, ran da babu rana, babu kuzari. Wanda ya lura zai ga cewa da sanyin hunturu, sa'ad da hazo ya rufe gari, ƙadangaru ba su cika fitowa da wuri ba.

Bari mu fara da na gida, wanda masana suke kira Agama agama, wanda kuma Linnaeus, mutumin Suwidin, ya bayyana shi a littafin ilmi a shekarar 1758. Asalinsa mazaunin duwatsu ne da kututturen itatuwa a cikin daji, amma da ɗan Adam ya gina katanga da rumbu da soro, sai ya ga ai waɗannan ma duwatsu ne, ga kuma ƙwari sun taru saboda shara da hasken fitila. Ya tare, bai kuwa sake tashi ba. Bahaushe ya ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, wannan magana kuwa ta yi daidai da abin da ilmi ya gano, domin yawansa a cikin gari ya fi yawansa a daji nesa ba kusa ba.

Zamansu zaman gandu ne. Namiji babba guda ɗaya, watau jan gwada, shi ke da yanki, tare da mata da 'yan ƙanana a ƙarƙashinsa. Jan kan nan da shuɗin jikin nan ba kullum yake da su ba. Da dare launinsa yakan dushe ya koma kamar ƙasa, sai ya sha rana sa'an nan ya ɗauko kayan sarautarsa. Gyaɗa kan da yake yi kuwa, wanda yara ke cewa gaisuwa ce, sanarwa ce ga sauran maza cewa wurin nan da mai shi. Idan wani namiji ya ƙi ji, sai su jeru gefe da gefe su yi ta bugun juna da wutsiya, har wani lokaci wutsiyar ta karye. Wani malami mai suna Vernon Harris ya zauna ya bi rayuwarsu filla-filla a Ibadan, ya fitar da littafi a kansu a shekarar 1964, kuma har yau masu bincike suna komawa gare shi.

Farautarsa ta zaman jira ce. Yakan hau wuri mai tudu ya tsaya cik, in tururuwa ko fara ko buzuzu ya gitta, ya sauko a guje ya cafke, ya koma mazauninsa. Tururuwa da gara su ne yawancin cimarsa, amma ba ya ƙin ɗan ganye ko fure, ko ma tsakin tuwo in ya samu. Ran da shinge ya tashi bayan ruwan farko, wannan rana sallarsu ce. A lokacin nan ne kuma mace take haƙa ɗan rami a ƙasa mai laima, ta zuba ƙwai kamar biyar zuwa bakwai, ta rufe, ta yi tafiyarta. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fito, babu uwa babu uba, kowa ya nemi na kansa.

A kan ƙwan nan ne aka gano wani abu da ya girgiza ilmin halittu. A shekarar 1966, wata masaniya mai suna Madeleine Charnier, tana aiki a Jami'ar Dakar ta ƙasar Sanagal, ta lura cewa ƙwan da aka ajiye a zafin digiri 26 zuwa 27 yawancinsu mata suke ƙyanƙyashewa, waɗanda aka ajiye a digiri 29 kuwa maza. Watau zafin ramin ne yake yanke hukuncin namiji ko mace. Da fari ba a kula da rahotonta sosai ba. Daga baya aka tarar haka abin yake ga kada da yawancin kunkuru. Ina so ɗalibai su riƙe wannan: an buɗe wannan babi na ilmi a Afirka ta Yamma ne, da dabbar da ke yawo a tsakar gidan kowa.

Idan rana ta faɗi ƙadangare ya shiga rami, sai tsaka ta karɓi aiki. Idanunta manya ne saboda ganin dare, irin ta cikin ɗaki kuwa ba ta da fatar ido, da harshe take share su. Abin da ya daɗe yana ba mutane mamaki shi ne yadda take tafiya a jikin rufi, kanta a ƙasa, ba ta faɗo ba. Da ana tsammanin wani danƙo ne a ƙafarta. A shekarar 2000 wasu masana a Amurka suka auna, suka nuna cewa a ƙarƙashin kowane yatsa akwai gashi dubbai wanda ido ba ya gani, kowane gashi kuma ya rarrabu gida ɗaruruwa, har ya zama yana manne wa bango ta hanyar ɗan jan da ke tsakanin ƙwayoyin halitta idan sun kusanci juna ƙwarai. Babu danƙo, babu ruwa.

Dole in tsaya a nan kaɗan, domin babu wadda aka ɗora wa laifi a ƙasar Hausa kamar tsaka. Ana cewa tana da dafi, in ta faɗa a miya ta kashe gida, in ta taɓa jiki ta sa ciwon fata. Abin da ya zo a hadisi game da ita fagen malaman addini ne, ba shi nake magana a kai ba. Amma ta fuskar binciken jikinta, tsaka ba ta da dafi, ba a haƙori ba, ba a fata ba. Abin da yake gaskiya shi ne, kashinta da na ƙadangare suna iya ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira salmonela, mai sa gudawa da zazzaɓi. To, ka ga ƙadangaren bakin tulu da ake cewa a bar shi ya ɓata ruwa, ashe maganar tana da tushe. Maganin abin kuwa ba wani mai tsada ba ne: a rufe tulu, a rufe abinci, kada a shanya gari ko kubewa a ƙasa inda suke kai da kawowa. Kulɓa ma, mai santsin jikin nan da ke sulalewa cikin busasshen ganye, haka aka yi mata ƙazafin dafi saboda ta yi kama da maciji. Ƙwari take ci, wasu irinta kuma haihuwa suke yi, ba su yin ƙwai.

Ƙadangarun da aka tabbatar dafinsu yana cutar da mutum sosai ba a nahiyarmu suke ba. Suna Meziko ne da kudu maso yammacin Amurka, da wani yanki na Gwatamala. Abin sha'awa, daga yawun ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira Gila, aka samo sinadarin da aka yi maganin ciwon sukari da shi, aka kuma yarda a fara ba marasa lafiya a Amurka a shekarar 2005.

Hawainiya kuwa halittar bishiya ce tun daga kai har wutsiya. Yatsunta sun haɗe gida biyu kamar awartaki don riƙon reshe, wutsiyarta hannu ce ta biyar, kowane ido yana juyawa inda ya ga dama. Harshenta yana iya kai tsawon jikinta, a wasu ƙanana ma har ninki biyu, tana harba shi ta ɗauke fara kafin ƙiftawar ido. Akwai irinta fiye da 200, kusan rabinsu a tsibirin Madagaska. A can ne aka bayyana wata a shekarar 2021 wadda namijinta duka-duka bai wuce milimita 22 ba har da wutsiya, yana iya zama a kan ɗan yatsa. A duwatsun Kamaru da tsaunin Obudu akwai masu ƙaho. Game da rikiɗarta, yawancin mutane sun ɗauka tana kwaikwayon launin duk abin da ta hau ne. Ba haka ba ne. Fushi, da tsoro, da neman mace, da zafi ko sanyi, su ne suka fi sa ta sauya. A shekarar 2015 masana a Jami'ar Janeba suka nuna cewa a cikin fatarta akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli a jere, idan ta matse su ko ta buɗa tsakaninsu sai hasken da ke dawowa ga idonmu ya sauya launi. Ba ta da dafi ita ma, kuma manomin da ya kashe ta a gonarsa ya kori ɗan ƙodagon da ba ya karɓar lada.

Yanzu sai manya, watau damo da guza. Mutane da yawa suna haɗa su, alhali zamansu ya bambanta ƙwarai.

Damo na tudu ne. Gajere ne kakkaura, da wuya ya wuce mita ɗaya, yana zaune a ramuka da tsohon suri da kogon itace a dajin da ke tsakanin Sanagal da Sudan. Duk girman nan nasa, abincinsa ƙananan abubuwa ne: gyare, da buzuzu, da ƙadandoniya, da katantanwa, da kunama. Da damina yakan ci kamar ba gobe, ya tara kitse a ciki da gindin wutsiya. Idan rani ya shigo ƙwari suka ɓace, sai ya shige rami ya kwanta, yana iya yin watanni bai sa kome a bakinsa ba. Da aka ce damo sarkin haƙuri, ban sani ba ko akwai kirarin da ya fi wannan dacewa da mai shi.

Guza ta ruwa ce. Tana kai mita biyu, ita ce mafi tsawo a ƙadangarun Afirka, wutsiyarta a matse take kamar wuƙa saboda iyo. Ana samunta a bakin Kwara da Binuwai, da fadamun Haɗeja da Nguru, da tafkin Cadi. Ba ta zaɓen abinci: ƙaguwa, kifi, kwaɗo, ɓera, ƙwan tsuntsu, mushe, har kajin mutane in ta samu hanya. Ita ce babbar ɓarauniyar ƙwan kada, saboda haka tana cikin abubuwan da ke tsare yawan kadoji a kogi. Dabararta ta ajiye ƙwai kuwa abar a tsaya a duba ce. Da damina, sa'ad da suri ya yi laushi, takan fasa shi ta zuba ƙwai a ciki, wani lokaci har fiye da 40. Gara kuwa, bisa al'adarta, sai ta toshe ɓarakar. Shi ke nan ƙwai sun sami ɗaki mai ɗumi da laima da masu gadi, uwar ba ta biya ko anini ba.

Can arewa, a duwatsun Azbin na ƙasar Nijar, akwai wani mai ƙayoyi a wutsiya wanda Larabawa ke kira dabbu. Shi ganye da tsaba yake ci, kuma kusan duk ruwan da yake bukata daga cikinsu yake samu. Masu cin ganye ba su da yawa a wannan zuriya. Mafi shahara su ne iguwana na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, wanda ke zaune a kan itatuwan bakin kogi, da ɗan'uwansa na tsibiran Galafagos, wanda Darwin ya gani a 1835, shi kaɗai ne ƙadangaren da ke nutsewa a teku yana kiwon gansakuka. Babban yayansu duka kuwa yana Indunusiya, a tsibirin Komodo da maƙwabtansa. Dangin guza ne, yana kai mita uku da nauyin kilo 70, yana kashe aladen daji har da ɓauna. Turawa ba su rubuta labarinsa a littattafan ilmi ba sai 1912.

To, mene ne amfaninsu? Amsar da aka saba bayarwa ita ce suna cin ƙwari. Gaskiya ne, amma mai ilmi yana son awo. A ƙananan tsibiran Bahamas, wasu suna da ƙadangaru wasu babu, saboda haka wurin ya zama kamar ɗakin gwaji da Allah ya shirya. Masanan da suka yi aiki a can tun daga wajen 1980 sun tarar cewa gizo-gizo ya fi yawa kamar sau goma a tsibiran da babu ƙadangaru, sa'an nan ganyen itatuwa ya fi shan ɓarnar ƙwari. Wannan ya nuna cewa ɗan ƙaramin mafarauci yana iya sauya kamannin daji. A ganina bai kamata mu zarce mu ce ƙadangare zai maye gurbin maganin feshi ba, ko tsaka za ta kawar da zazzaɓin cizon sauro. Ba za su iya ba. Aikinsu shi ne rage kaifin abin yau da gobe, irin ragin da ba a lura da shi sai ran da aka rasa.

Su ma abinci ne. Shaho da shirwa da burtu, da macizai iri-iri, da tunku da kyanwa, duk suna dogara da su. Ƙwaron da ya yi wa shaho ƙanƙanta, ƙadangare ne ke tattara shi ya mai da shi tsoka, sa'an nan shaho ya ɗauka. Shi ya sa da yawansu, kamar tsaka da kulɓa, suke da dabarar yar da wutsiya: ta katse tana motsi, maƙiyi ya tsaya kanta, mai ita ya tsere, daga baya wata ta tsiro. A tsibirin Morishas kuma akwai wata tsaka mai yawon rana, koriya, wadda ke shan ruwan fure tana ɗaukar garinsa daga wannan zuwa wancan, aikin da ƙudan zuma ke yi a wurinmu.

Sauran magana ta fi shafar ma'aikatan gandun daji da na gona da na kwastan da ke cikin wannan zaure. Fatar guza tsohuwar haja ce. Da ita ake rufe ƙoƙon goge, dukawa kuma suna yin jaka da takalmi da ita, an kuma daɗe ana fitar da ita zuwa Turai daga Cadi da Mali da Kamaru da Sudan. 'Ya'yan damo kuwa ana kwasarsu da rai daga Gana da Togo da Benin zuwa Amurka da Turai, inda ake ajiye su a gida don sha'awa. A shekarar 1973 aka ƙulla yarjejeniyar duniya a birnin Washintan don tsare cinikin namun daji, ta fara aiki a 1975, ta kuma sa dukan dangin guza da damo da hawainiya cikin waɗanda ba a ƙetare iyaka da su sai da takardar izni. Nijeriya tana cikin wannan yarjejeniya, ta kuma kafa dokarta ta cikin gida a 1985. Jami'in da ya ga buhun fatun guza a kan iyaka yana da hurumin ya tambayi takarda.

Kai dabba inda ba ƙasarta ba shi ma yana da nasa sharri. A 1872 aka kai wani irin tunku daga Indiya zuwa Jamaika don ya kashe ɓerayen gonakin rake. Bai tsaya kan ɓeraye kaɗai ba, ya koma wa ƙwai da 'ya'yan iguwanan tsibirin, har aka ɗauka sun ƙare, sai a 1990 aka sake gano 'yan kaɗan a wani daji mai duwatsu. Guzarmu ma ta yi irin wannan ɓarna a wani wuri: waɗanda aka kai Amurka don sha'awa suka kuɓuce sun hayayyafa a Jihar Fulorida tun wajen 1990, hukuma tana ta fama da su.

Amma babban abin da ke rage su a ƙasarmu shi ne ɓacewar mazauni. Gobarar daji da ake sakawa da rani tana cinye hawainiya, domin ba ta da gudu. Sare kurmi da cike fadama suna korar guza. Rushe suri a sabuwar gona yana raba damo da ɗakinsa, feshin da ya wuce kima kuma yana kashe abincinsa. Binciken da aka buga a shekarar 2022, wanda ya duba irin dabbobi masu jan ciki fiye da 10,000, ya nuna cewa kashi 21 cikin ɗari suna fuskantar haɗarin ƙarewa, na cikin kurmi kuwa sun fi na hamada shiga haɗari. Ƙaruwar zafin duniya ta zo ta daɗa nauyi. A Meziko, wani bincike na 2010 ya koma wurare 200 da aka san wasu ƙadangaru suna zaune, ya tarar sun ɓace daga kashi 12 cikin ɗari na wuraren tun 1975. Dalilin da masanan suka bayar shi ne, idan rana ta yi tsanani tun da hantsi, dabbar takan wuni a ɓoye a inuwa, sa'o'in kiwonta su ragu, mace ta kasa tara abin da za ta yi ƙwai da shi.